Dila, Harsashi da Jirgin Sama: Yadda Arewa Ta Yaƙi Maɓarnatan Daji

Wanda ya tsaya a shataletalen Mando da hantsi zai ji ƙarar abubuwa biyu: motocin da ke lodin Birnin Gwari da Legas, da kuma jiragen sojin sama da ke tashi daga sansaninsu na kusa. Idan ya ɗan taka zai iske Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Gaba kaɗan, a Afaka, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, sannan hanyar filin jirgin sama. Dabba, daji da jirgi ke nan a unguwa guda. Da wuya a sami wurin da ya fi wannan dacewa da tambayar da ta daɗe tana damun makiyaya da manoma: idan wani abu daga daji yana cinye dukiyar mutum, da me ake yaƙarsa, kuma wa zai biya kuɗin yaƙin?

Kaduna kanta sunan mafarauciyar dabba take ɗauke da shi, wato kadunan da ke cikin koginta. Lokacin da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a shekarar 1917, yawancin abin da ke arewa da kogin daji ne mai ƙauyukan Gbagyi jefi-jefi, ga Fulani na ratsawa da shanu. A irin wannan daji kura da dila maƙwabta ne. Tatsuniya ta raba musu hali tun tuni: kura ga kwaɗayi da tsoro, dila kuwa malamin daji. Makiyayi ya san su ta wata fuskar. Dila ɗan akuya da ɗan rago yake ɗauka, kura kuma ba ta barin jaki ko maraƙin da aka yi sake da shi.

Abin lura shi ne, tsohon tsarin kariya bai dogara ga kisa ba. Shingen ƙaya ake yi wa garke, a hura wuta, a ajiye karnuka, a kwana kusa da dabbobi. Garuruwa masu ganuwa rufe ƙofa suke yi da almuru. Sai ɓarna ta yi yawa ake neman maharba, waɗanda ke da shugabansu, Sarkin Baka, da kibiyoyinsu masu dafi da tarkunansu. Kibiya ba ta da tsada: kyauro daga fadama, kai daga maƙera, dafi daga ilimin gado. Ana ma iya tsinto ta a sake harbawa.

Bindiga ce ta shigo da lissafin kuɗi cikin lamarin. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a yawancin nahiyar, ta bar musu tsofaffin da ake ɗurawa ta baki. Wannan ce bindigar toka, wadda maƙera suka iya ƙerawa da kansu, wadda kuma Bahaushe ya raɗa wa suna harba-ka-ruga, domin bayan harbi ɗaya babu abin da ya rage wa mai ita sai ƙafafunsa. Duk da raunin nata tana da falala guda: abincinta mai araha ne. Albarushi a awo ake saye, abin harbi kuwa guntayen ƙarfe ne ko dalma, duk abin da aka samu.

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi, ta ajiye wannan bambanci a rubuce. Ta kasa bindigogi uku: na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, na ƙashin kai, irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi, sai masu ɗuri ta baki, waɗanda ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigar farauta mai cin harsashin kwanso ta zama ta ma'aikata da sarakuna da attajirai. Ta fi aminci, ta fi sauri, kuma da yake ƙananan dalma take watsawa, ta fi dacewa da dabba mai gudu a kusa. Amma kowane harbi kwanso guda ne da aka saya, akasari daga waje, ba ya dawowa. Farashinsa na bin darajar Naira sau da ƙafa: ya yi tsalle bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ya sake yin wani bayan an saki Naira a watan Yunin 2023.

A nan lissafin maharbi ya rabu da na makiyayi. Maharbin da ke da harsashi biyar a aljihu zai ajiye su ne domin gada ko zabo ko zomo, abin da zai shiga tukunya ko kasuwa. Dila ba a cin namansa, fatarsa ba ta da wani kuɗin kirki, ga shi da wayon da zai sa a ɓarar da harsashi biyu kafin a same shi. Harbin dila asara ce tsantsa ga wanda ba akuyarsa aka ci ba. Shi ya sa, da zamani ya zo, makamin da ya yi wa masu cin nama illa a Afirka ta Yamma guba ce, ba bindiga ba. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar, ma'aikatan kula da dabbobi sun yi ta sa gubar strychnine a nama domin kuraye da diloli da zakuna. Daga baya maganin ƙwarin gona ya cika kasuwanni, kowa ya iya barbaɗa shi a kan mushe. Guba ba ta tantancewa. Ungulu na cikin waɗanda suka ɗanɗana, ga kuma masu farautarta domin tsibbu; a 2015 aka sa irin ungulun da a da ke cika mahautan Arewa cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Domin a ga abin da kan faru idan gwamnati ta ɗauke wa makiyayi kuɗin harsashi, sai a duba Amurka. Can akwai ɗan'uwan dila da ake kira koyoti, ya ɗan fi shi girma, halinsu kuma ɗaya. A 1915 majalisar dokokin ƙasar ta ware dala 125,000 domin kashe masu cin dabbobin kiwo, a 1931 kuma ta yi dokar da ta mayar da aikin na dindindin. An fara da tarko da guba. Kyarketai irin na can, waɗanda suka fi koyoti girma, suka kusan ƙarewa daga yawancin ƙasar. Koyoti bai ƙare ba.

A 1971 aka bankaɗo cewa an harbe ɗaruruwan gaggafa daga jirage masu saukar ungulu a Jihar Wyoming. Hayaniyar da ta biyo baya ta haifar da dokar hana harbin dabbobi daga sama, sai fa da izini na musamman, kamar domin kare dabbobin kiwo. A watan Fabrairun 1972 Shugaba Nixon ya hana amfani da guba a filayen gwamnatin tarayya. Da aka rufe ƙofar guba, sai hukuma ta ƙara jingina ga waccan ƙofar da aka bari a buɗe. Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, ko mai saukar ungulu, yana tafiya ƙasa-ƙasa, matuƙi a gaba, maharbi riƙe da bindigar farauta. An fi yin aikin bayan zubar dusar ƙanƙara, lokacin da sawu ke fitowa fili. Aiki ne mai haɗari, jirage sun sha faɗuwa da ma'aikata. A wannan tsari harsashi shi ne mafi arahar abin da ake kashewa. Awa ɗaya ta jirgi ɗaruruwan daloli ce. Har yanzu hukumar da ke wannan aiki a ƙarƙashin ma'aikatar gona takan kashe koyoti kimanin dubu sittin a shekara, kaso mai yawa daga sama. Jihar Utah kuma ta sa ladan dala 50 a kan kowane kai a 2012.

Sakamakon fa? Dabbar da asalinta ta filayen yamma da tsakiyar nahiyar ce yau tana kowace jiha in ban da Hawaii, tana yawo cikin Chicago da Los Angeles, ta ma ƙetare mashigin Panama. Masu bincike biyu, Connolly da Longhurst, sun lissafa a 1975 cewa sai an kashe kashi 75 cikin ɗari kowace shekara har shekara hamsin kafin a ga bayanta. Dalilin ba boyayye ba ne: idan aka rage su, abinci ya wadata ga sauran, mata su haihu da yawa, 'ya'ya su rayu, na nesa su cike gurbi. Harbi daga sama kan iya sauƙaƙa wa garke ɗaya a lokacin haihuwar tumaki. Rage yawan dabbar baki ɗaya kuwa, shekara ɗari ba ta yi shi ba.

Arewa ba ta kafa irin wannan tsari a kan dila ko kura ba, amma ta yi nata yaƙin na sama, kuma Kaduna ce cibiyarsa. Maƙiyin makiyayi na gaske a nan ƙarami ne: ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci. Tun a shekarun 1930 aka fara shirin Anchau a ƙasar Zazzau, inda aka sassabe bakin rafuka, aka tashi ƙauyuka, aka gina Takalafiya. Cibiyar binciken cutar ta Afirka ta Yamma a Kaduna aka kafa ta, ta koma hannun Nijeriya a 1964. Daga tsakiyar shekarun 1950 ayarin ma'aikata suka riƙa bin kurmi da ƙafa suna fesa DDT da dieldrin a gindin itatuwa, a shekarun 1970 kuma aka shigo da jirage masu saukar ungulu da taimakon Jamus ta Yamma. An raba ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita dubu ɗari biyu da tsando. Masu bincike daga Holan da suka bi sawun feshin sun rubuta irin tsuntsaye da kifaye da ƙwarin da suka mutu tare da shi. Nasarar ta ɗore ne saboda abin da ya biyo bayan jirgin: manoma sun shiga, sun sare inuwar da ƙudan ke bukata.

Jan-baki labarinsa daban ne, kuma shi ne koyotin Arewa. Tsuntsu ne da nauyinsa kimanin giram ashirin ne, amma yana tashi a miliyoyi, ya sauka a gonar gero ko dawa ko shinkafa ya bar kara tsaye. Maganin hukuma shi ne a gano makwancinsa, jirgi ya bi da magariba ya fesa fenthion. Kusan kowace damina ake jin Kebbi ko Jigawa ko Yobe ko Borno na neman jirgin feshi, kuma da awa ake biyan kuɗinsa. Peter Ward, wanda ya yi nazarin tsuntsun a yankin Tafkin Chadi ya wallafa a 1965, ya nuna cewa abincin daji, wato 'ya'yan ciyawa, shi ke iyakance yawansa; yawancin waɗanda ake kashewa da ma yunwa za ta ɗauke su. Shawararsa ita ce a daina mafarkin ƙarar da shi, a kare gonar da ke cikin haɗari kawai. A kwarin Haɗejiya ma hannun mutum ne ya gyara masa shimfiɗa: bayan madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya tafiyar ruwa, ciyawar kachalla ta toshe magudanai, ta zama masaukinsa.

Manyan masu cin nama kuwa, ba jirgi ya kore su ba, ba kuma harsashi ba. Gatari da garma da guba ne. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da gandaye irin su Yankari da Kamuku ta Birnin Gwari, wadda ta zama gandun ƙasa a 1999, sun zo ne a kan ragowa. Zakunan da suka saura a Nijeriya, a Kainji da Yankari, ƙiyasi bai kai su hamsin ba. Dila ne kaɗai, da yake ba ya zaɓen abinci, ya iya zama a gefen gonaki da bola.

Makiyayin da ke yamma da Mando a yau ba kukan kura ke hana shi barci ba. Dajin da ya miƙa daga Afaka zuwa Birnin Gwari ya sami wasu mazauna, masu kore garke sukutum. A daren 11 ga Maris 2021 suka shiga Kwalejin Gandun Daji suka tafi da ɗalibai 39, waɗanda ake koya wa kula da dajin. A watan Agustan shekarar suka kai hari Makarantar Horon Hafsoshin Soja da ke maƙwabtaka. Maharban da kakanninsu ke fita neman kura yanzu su ne 'yan sa-kai, harba-ka-ruga a kafaɗa, suna haɗa kuɗin albarushi da harsashi ta hanyar karo-karon ƙauye, a gaban mutanen da ke riƙe da bindigogin yaƙi. Lissafin nan na dā bai sauya ba: wanda ke da ƙarancin harsashi shi ke zaɓen abin da zai harba.

Gwamnati kuma ta koma ga sama, inda matsalar da ta bi kowane jirgi tun daga Wyoming har bakin rafukan Arewa take jira, wato sanin ainihin abin da ke ƙasa. A daren 3 ga Disamba 2023, jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, wadda ita ce ta Afaka. Rundunar sojin ƙasa ta amsa cewa kuskurenta ne. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85.