Asalin Kalma: Ƙanƙara

Ƙanƙarar da Bahaushe ya fara sani ita ce mai faɗowa da ruwan sama, ta yi wa ganyen dawa kaca-kaca. Da firji ya zo, sunan ya hau kan sandararren ruwan da mai zoɓo a Agege ke farfasawa yana zubawa cikin kula. Mai laushin nan ta Turai kuwa aka ce dusar ƙanƙara, kuma sunan ya dace.

A Aislan kalmar ta yi kaɗan, don can ƙanƙara tsauni guda ce. A 1996 dutse ya yi aman wuta ƙarƙashin ƙanƙarar Vatnajökull, ya narkar da wani ɓangarenta. A watan Nuwamba ruwan da ya narke ya sa kogin Skeidara ya yi ambaliya, ya karya gadoji. Mutanen ƙasar na kiran irin wannan jökulhlaup, wato gudun ƙanƙara.