Man Tsirrai da Yaƙi da Tsutsar Ciki: Darasi Daga Tarihi

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A 'yan shekarun nan ana yawan jin labarin masu bincike suna gwada man da ake tatsowa daga tsirrai masu ƙamshi, irin su kanumfari da bishiyar turare, a kan cututtukan ƙasashe masu zafi. Mai karatu na iya zaton sabon al'amari ne, alhali likitoci sun bi wannan hanya fiye da shekara 100 da suka shige, musamman wajen yaƙi da tsutsar ciki mai ƙugiya.

Ita wannan tsutsa ƙwanta yana fita ne cikin bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai dausayi. 'Ya'yanta sukan huda fatar ƙafar mai tafiya ba takalmi, su bi jini har su isa hanji, su maƙale suna shan jini. Yaron da ta kama sai ya ɗashe, ya rame, karatu ya gagare shi.

A shekarar 1880 cutar ta addabi leburorin da ke haƙa ramin jirgin ƙasa a ƙarƙashin dutsen Gotthard a ƙasar Suwizalan. A wannan zamani ne wani likitan Italiya, Camillo Bozzolo, ya yi amfani da sinadarin timol a kanta. Ana samun timol a man tayim, ganyen nan da matanmu ke barbaɗawa a dafa-duka. Maganin ya yi aiki, ya bazu a duniya.

A 1909 attajirin Amurka John D. Rockefeller ya ba da dala miliyan ɗaya domin yaƙar cutar a jihohi 11 na kudancin ƙasarsa, inda aka tarar kusan yara 40 cikin kowane 100 na makaranta suna ɗauke da ita. Kafin ƙarshen 1914 an yi wa mutane kusan 700,000 magani da timol da gishirin wankin ciki. Amma akwai sharaɗi mai tsauri: wanda zai sha ba zai ci maiƙo ko ya sha barasa ba, domin su ke sa timol ya shiga jini ya zama dafi.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, timol ya yi wuya, saboda a Jamus ake sarrafa mafi yawansa. Sai aka koma ga man kenofodiyam, wani tsiro mai wari ɗan asalin Meziko da maƙwabtanta, wanda likitocin Holan suka riga suka jarraba a tsibirin Sumatra. Man yana da araha, yana kuma fitar da tsutsa iri-iri. Sai dai tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke kisa tazara kaɗan ce, kuma ƙarfinsa yakan bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Wasu sun kurmance, wasu sun yi ta jijjiga, yara da dama sun rasa rayukansu. Daga 1921 aka fara maye gurbinsa da magungunan da aka haɗa a ɗakin bincike, har aka kai ga mebendazol da albendazol a shekarun 1970, waɗanda ake rabawa 'yan makaranta a yau.

To, jama'a, wane darasi za mu ɗauka? Na farko, kada mu raina tsiro. Tarihi ya shaida cewa akwai waraka a cikinsa. Na biyu, kasancewar abu daga daji ya fito bai hana shi kisa ba. Awo da gwaji su ne suka raba magani da guba, kuma yawancin binciken da ake yi yanzu a kan man tsirrai bai wuce kwalbar gwaji da ɓeraye ba. Saboda haka uwar da mai talla ya miƙo wa kwalba a kasuwa, babu suna babu awo, ta yi tunani kafin ta ɗura wa ɗanta.

Na uku, ba magani kaɗai ya rage cutar sosai a kudancin Amurka ba. Gina shadda, sanya takalmi da wayar da kan jama'a sun taka babbar rawa. Muddin makarantunmu ba su da makewayi, yaron da aka ba ƙwaya bana zai sake ɗaukar tsutsa baɗi. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.