Yadda Gishiri Ya Ja Baya a Tukunyar Chili

Chili miya ce mai kauri ta nama da barkono, wadda ta yi suna a San Antonio da ke jihar Texas ta Amurka. A shekarun 1880, mata 'yan asalin Meziko sun riƙa kafa tebura a dandalin birnin da yamma suna sayar da ita, har aka yi musu laƙabi da sarauniyoyin chili. Kowace da irin haɗinta, amma ginshiƙin ɗaya ne: busasshen barkono, tafarnuwa, kumin da oregano.

A shekarun 1890 wani Bajamushe mai suna William Gebhardt, mazaunin New Braunfels, ya fara niƙa busasshen barkono da kayan ƙamshi yana sayar da garin. Da haka girkin ya shiga gidajen da ba su taɓa ganin barkonon Meziko ba. Kamfanoni suka bi sahu, kuma da yake gishiri ya fi sauran kayan arha, sai ya riƙa cin wuri a cikin ƙunshin yajin. Idan aka haɗa da wake da tumatir na gwangwani, kwano guda kan ɗauki gishiri mai yawa.

Likitoci ne suka juya akalar. Binciken Lewis Dahl a shekarun 1960 ya ƙarfafa alaƙar gishiri da hawan jini. A 1977 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya shawarci jama'a su rage cin gishiri. Farkon shekarun 1980 aka fito da Mrs. Dash, haɗin yaji marar gishiri. Wata dokar Amurka ta 1990 kuma ta sa kamfanoni rubuta adadin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, a jikin kayan abinci, kuma ba a kiran kaya mai ƙarancin sodiyam sai bai wuce miligiram 140 a cin mutum ɗaya ba. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana.

Wannan ya mayar da masu girki da dama ga tsohuwar hanya. Suna gasa barkono su niƙa da kansu, su soya kumin da albasa a mai har ƙamshi ya tashi, su matsa lemon tsami a ƙarshe. Wanda ya haɗa yajinsa da hannunsa shi ke yanke yawan gishirin da iyalinsa za su ci, kuma wannan iko ya cancanci wahalar niƙa.