Yadda Sufacaja Ta Rabu Gida Uku

Injin mota ba ya ƙona fetur sai da iska, kuma yawan iskar da ta shiga silinda shi ke yanke iyakar ƙarfinsa. Sufacaja na'ura ce da ake ɗaura wa inji don ta cusa masa iska fiye da wadda zai zuƙa da kansa, kamar yadda zugazugi ke yi wa wutar maƙera. Galibi bel ne daga karanshaf ke juya ta, kuma a nan ta bambanta da turbo, wadda hayaƙin salansa ke juyawa. Mai son ƙara wa motar hawansa ƙarfi a yau iri uku ne a gabansa: Roots, da mai sukuru biyu, da mai farfela. Kowace da aikin da ta taso a cikinsa, kuma har yanzu halin wancan aikin bai sake ta ba.

Roots ce babba a shekaru. 'Yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na garin Connersville a jihar Indiana ta Amurka, su suka yi mata rajista a 1860, tun babu mota. An yi ta ne don hura wutar narka ƙarfe da kai iska cikin ramukan haƙar ma'adinai. Ƙarafa biyu ne masu kunnuwa ke juyawa a cikin akwati ɗaya, suna ɗibar iska ta gefen bango suna kai ta ɗaya ɓangaren. Ba ta matse iskar a cikinta, turawa kawai take yi, sai iskar ta taru a bakin inji sannan ta matsu. Amfaninta da aibinta duk daga nan suka fito. Tunda kowane juyi awo ɗaya yake ɗiba, ƙarfi na zuwa da zarar an taɓa totur. Amma iskar kan yi zafi sosai, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi.

Mercedes ne ya fara kai ta kasuwar motoci. Ya nuna motoci biyu masu ita a bajekolin Balin na 1921, kuma sunan Kompressor ya bi kamfanin tun daga lokacin. A Ingila, Bentley mai sufacaja ta 1929 ta ɗauki tata a gaban lagireto, kowa na gani. Sai dai abin da ya kai Roots hannun talakan makanike daga wani wuri dabam ya zo. A 1938 General Motors ya fito da injinan dizal na jerin 71, waɗanda ba sa ma tashi sai da abin hura musu iska irin Roots. Lambar 6-71 na nufin silinda 6, kowace mai faɗin ciki inci 71 na awon kubik. An zuba waɗannan injina a bas-bas da manyan motoci da jiragen ruwan sauke sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙi ya ƙare suka yi araha, matasan Kalifoniya masu gyaran motoci don tsere suka riƙa cire na'urar suna ɗora ta a kan injin fetur mai silinda 8. Ita ce wadda ake gani ta fasa bonet ta leƙo waje, kuma har gobe da waɗannan lambobi ake kiran girmanta.

Mai farfela ta bi wata hanya. Louis Renault ya yi mata rajista a Faransa a 1902, amma a jirgin sama ta girma, inda iska ke yin ƙaranci idan an yi nisa da ƙasa. Irinta ce a injin Merlin na Rolls-Royce da ya ɗauki jirgin yaƙi Spitfire. Ƙaramar farfela ce mai juyi dubbai masu yawa a minti, tana watsa iska gefe da gudu, gidanta kuma ya mai da gudun ya zama matsi. Injin jirgi kan daɗe a gudu ɗaya mai yawa, don haka ta dace da shi. A mota kuwa matsinta na bin gudun inji ne: idan gudun ya ninka biyu, matsin kan ninka kusan huɗu. A ƙaramin gudu ba ta da wani abin kirki, a babban gudu kuma sai ta zo da ƙarfinta duka. Duesenberg SJ ta 1932 ta kai ƙarfin doki 320 da ita. Robert Paxton McCulloch ya mai da ita kayan sayarwa ga mai mota, aka gan ta a Studebaker Golden Hawk ta 1957, daga baya kamfanonin Vortech da ProCharger suka cika kasuwa da ita a shekarun 1990, musamman don Ford Mustang. Ta samu karɓuwa saboda ana ɗaura ta a gefen inji kamar janareton caji, ba sai an huda bonet ba.

Mai sukuru biyu ta fi daɗewa tana jira. Heinrich Krigar ya yi rajistar dabarar a Jamus a 1878, injiniyan Suwidin Alf Lysholm ya gyara ta a 1935. A ido ta yi kama da Roots, amma sukurorinta na matse iskar tun a ciki, suna rage mata wuri har ta fita, shi ya sa zafinta bai kai na Roots ba alhali ƙarfinta na zuwa da wuri. Matsalar ita ce sassaƙa: tazarar da ke tsakanin sukurorin ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai da injinan yankan ƙarfe masu kwamfuta suka yawaita sannan kuɗinta ya sauko. Ford GT ta 2005 ta ba da ƙarfin doki 550 da ita, Dodge Hellcat ta 2015 ta ba da 707.

Roots ma ba ta zauna yadda take ba. Kamfanin Eaton ya murɗe kunnuwanta don rage zafi da ƙara, ya sa ta a Ford Thunderbird ta 1989. Irin tasa ce a cikin Mercedes C200 Kompressor da aka yi ta shigowa da su Najeriya da Nijar a matsayin na hannu. Samfurinsa na daga baya mai kunnuwa 4 ya kai Corvette ZR1 ta 2009 ƙarfin doki 638.

Ga motar da ake hawa kullum, wadda yawancin rayuwarta a cunkoso da tsayawa da tashi take ƙarewa, Roots ta zamani ko mai sukuru biyu sun fi ba da abin da direba zai ji a ƙafarsa. Mai farfela ta fi dacewa da mota marar nauyi mai son gudun inji, da wadda tayoyinta ko giyarta ba za su jure ƙarfi na farat ɗaya ba. Abin da ya kamata a fi damuwa da shi shi ne zafi. Iskar da aka matse ta yi zafi kan sa fetur ya kama da wuta ba a kan ƙa'ida ba, fistan ya narke, inji ya buga. Don haka na'urar sanyaya iska kafin ta shiga inji, da fetur mai inganci, da saita kwamfutar mota, sun zama dole, balle a gari mai zafi irin Sakkwato ko Maiduguri. Rage girman fulin da bel ke juya sufacaja da shi don ƙara matsi ba tare da waɗannan ba ganganci ne.

Kowace iri kuma tana cin wani kaso na ƙarfin injin da take ƙara wa ƙarfi, tunda shi ke juya ta. Wannan ne ya sa yawancin kamfanoni, har da Mercedes, suka koma turbo don tsimin mai. A 2016 Audi ya fito da SQ7 mai farfelar da lantarki mai ƙarfin bolt 48 ke juyawa ba bel ba, tana cike gurbi a ƙaramin gudu kafin turbo ta kama aiki.