Tiyo, Bututu da Kube: Sunayen Hanyar Gas a Sabon Gida

A Tsarnawa, mararrabar da hanyar Tawa ta rabu da babban titin Yamai zuwa Damagaram, gas ɗin girki a tukunya yake zuwa. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, tukwanen gas suka yawaita a gidaje. Yanzu mai gina sabon gida da simintin Malbaza yakan so ya ajiye tukunyar a waje, ya jawo gas ɗin ta cikin bango zuwa madafa. A nan ne ya kamata shi da magini su san sunan kowane abu tun kafin a fasa bango.

Kalmar gas kanta tana da fuska biyu. A tsallaken iyaka, wajen Sakkwato, direban babbar mota da ya ce zai sha gas, man dizal yake nufi, wanda mutanen Ƙonni ke kira gazuwal. Shi ya sa ake cewa iskar gas idan ana nufin na girki. Sunan ya dace, sai dai wannan iska ta fi wadda muke shaƙa nauyi. In ta tsiyaye, ƙasa take kwanciya, ta taru a rami ko lungu. Warin da ake ji ma da gangan ake zuba mata shi, don hanci ya yi gargaɗi.

Tiyo aro ne daga Faransanci, kamar risho, kuma dukansu sun zauna daram har a bakin Kanawa. A bakin mutane, tiyo shi ne na roba mai lanƙwasuwa da ke haɗa kan tukunya da murhu. Yana tsufa, rana tana busar da shi har ya tsattsage, ɓera yana iya gwaguyarsa. Don haka wurinsa a fili ne, inda ido ke ganinsa, ba a binne shi.

Bututu kuwa kalmarmu ce ta gado, kuma ta ɗauki ƙanana da manya, har da na ɗanyen mai da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000. A cikin gida, bututu shi ne mai ƙarfi, na tagulla ko ƙarfe, wanda zai jure zama a bango.

Abu na uku ne ba shi da tsayayyen suna: faffaɗan bututun da ake fara shimfiɗawa, sannan a zura na gas a cikinsa. Faransawa na ce masa fourreau, wato gidan takobi. Mu ma muna da kube. Wanda duk ya taɓa zare wuƙa ya mayar ya fahimci aikinsa: yana kare bututu daga cin siminti da kaifin dutse, yana ba da damar zare shi in ya lalace ba tare da rushe bango ba, kuma in an bar bakinsa na waje a buɗe, abin da ya tsiyaye zai fita sarari. A Faransa da Ingila launin rawaya ne alamar layin gas, shuɗi kuma na ruwa, don mai haƙa ya san abin da digarsa ta tarar.

In kana gini, kira kowanne da sunansa a gaban magini: kube a bango, bututu a cikin kube, tiyo a fili. Kada ka yarda a shafe bangon da siminti sai ka gani da idonka.