Hanyar Rairayi Daga Potiskum, da Karnukan da Suka Rako Kakanninmu

'Yan uwa mazauna Potiskum da kewaye, musamman mu da iyayenmu suka tsallako daga Damagaram, Gure da Maine-Sorowa. Yau ina so mu ɗan waiwayi hanyar da ta kawo mu garin nan, domin kuwa yaranmu da dama sun ɗauka tun fil azal a tirela shanu ke zuwa kara, kuma idan ka ce musu akwai sahara a cikin jihar Yobe sai su yi maka kallon mai tatsuniya.

Potiskum dai, kamar yadda mai karatu ya sani, gari ne na Ngizimawa da Karekare da Bolawa. Mu baƙi ne da kasuwa ta zaunar. A shekarar 1924 ne Turawa suka dawo da fadar Sarkin Fika zuwa nan, garin ya buɗe, hanyoyin mota daga Kano, Bauchi da Maiduguri suka haɗu a cikinsa. Shekara shida bayan haka, wato 1930, jirgin ƙasa ya isa Nguru daga Kano. Waɗannan abubuwa biyu su suka jawo fatake da mahauta da dillalan shanu daga arewa. Kakana na wajen uba yana cikinsu. Da ƙafa ya riƙa koro shanun mutane daga ƙasar Gure zuwa Nguru, inda ake loda su a tarago a yi kudu da su, kafin daga baya ya gangaro Potiskum ya aje sanda.

Amma hanyar ta girmi Turawa nesa ba kusa ba. Kusa da Gaidam har yanzu akwai kufan Birnin Ngazargamu, hedikwatar daular Barno wadda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, aka kuma rushe ta a 1808 lokacin jihadi. Ayarin raƙuma kan taso daga Tarabulus, ya biyo ta Murzuk da Bilma, ya sauka Barno. Ta wannan hanya ce Denham da Clapperton suka iso Kukawa a 1823. Ta nan kuma Hanns Vischer ya biyo a 1906 tare da alhazai da 'yantattun bayi masu komawa gida, mutumin nan da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Ita kanta Damagaram ɗinmu ta daɗe tana kai gaisuwa Barno kafin ƙarfinta ya kawo a zamanin Sarki Tanimu. Iyakar da muke tsayawa a nuna takarda a yau, tsakanin 1906 da 1908 aka kafa turakunta, lokacin da Kyaftin Tilho na Faransa da takwarorinsa na Ingila suka bi daji suna awo. Rana ɗaya rijiyar mutum ta koma wata ƙasa, gonarsa kuma tana wata.

To ina kare ya shigo? A labaran kakana, ba ya ba da labarin tafiya ba tare da ya ambaci karnukansa ba. Mai kora shanu a daji abu uku ke hana shi barci: ƙishirwa, ɓarayi da kura. Na farko sai sanin rijiyoyi, amma sauran biyun kare ne maganinsu, don kafin mutum ya ji motsi shi ya riga ya ji. Karnukan da suke so su ne irin na Buzaye, dogaye, masu siririn ciki da dogayen ƙafafu, waɗanda haƙarƙarinsu ke bayyana ko da sun ƙoshi. Wanda bai sani ba zai ce yunwa ce, alhali halittarsu ke nan. Suna gadin zango da dare, da rana kuma su kamo zomo ko barewa a samu na miya. Turawa sun sa wa wannan iri suna Azawak, da sunan kwarin nan da ke tsakanin Nijar da Mali. A farkon shekarun 1970 aka fara kwasar su zuwa Turai, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sanya su cikin jerin irin da ta amince da su. Karen da ake biya da tsakin gero da tsala a rugar Buzu, ga shi can ana yi masa takardar haihuwa. Duniya ke nan.

Na san wani zai ce me ya haɗa Musulmi da kare. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan: an halatta ajiye kare don farauta, kiwo da gadin gona, kuma abin da horarren kare ya kamo halal ne idan an ambaci sunan Allah wajen sakinsa. Ƙyamar da muke yi wa kare a cikin gari, ta gari ce. Mutumin daji bai san ta ba, ko da yake shi ma ba ya barin sa ya sa baki a ƙwaryarsa.

A hunturun 2006 na samu damar bin wani yanki na hanyar da kaina. Wasu mafarauta maƙwabtanmu ne za su ziyarci 'yan uwansu a ƙasar Yusufari, na roƙi su rage mini hanya. A-kori-kura muka ɗauka, mu shida a ciki, karnuka huɗu a baya an ɗaure su da igiyar kaba. Muka bi ta Jakusko muka kwana Gashuwa, garin Badawa a bakin kogin Yobe. Har nan ƙasar ba ta da bambanci sosai da tamu, gero ne da dawa da kuka. Yamma da Gashuwa ma akwai fadamar Dagona inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai lokacin sanyi, wurin da Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ya ziyarta a 1989.

Sai da muka haye kogi muka yi arewa sannan ƙasa ta fara sauya kama. Itatuwa suka yi ta raguwa, sai aduwa da ƙaya da tumfafiya. Bayan Yusufari kwalta ta ƙare, dole muka canza mota mai jan ƙafa huɗu, direban ya sassauta iskar tayoyi don kada su nutse. Can wajen Tulo-Tulowa muka iske tuddan rairayi, ja-ja-ja, wani ya fi gidan bene tsayi, iska ta zana musu layi-layi kamar an share da tsintsiya. A ƙarƙashin kowane tudu kuma akwai kwari mai ruwa, cike da dabino da goriba, mutane na noman rani suna kuma haƙar kanwa. Wannan kanwa ta ƙasar Manga ita ce kakanninmu ke ɗora wa jakuna da takarkarai su kawo wa masu shanu. Yankin Bulatura da ke nan yana cikin gandun daji na ƙasa na Tafkin Chadi tun 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Yobe.

Da la'asar aka saki karnukan. Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Ƙafar mutum na nutsewa har idon sawu, su kuwa kamar a kan daɓe suke tafiya. Zomo biyu suka kamo duk yinin. Dattijon da ke jagorantarmu ya ce a ƙuruciyarsa da barewa ake komawa gida, amma tun farin 1973 da na 1984 daji ya mutu, abin da ya rage kuma masu bindiga a mota suka ƙarasa shi. Wani matashi ya ce ai karen bana shi ke maganin zomon bana, tsohon ya ce to a fara samo zomon tukuna. A ɗaya ɓangaren iyaka, sai a 2012 gwamnatin Nijar ta killace yankin Termit don ceto ɗan abin da ya saura.

Farin 1984 kuwa duk ɗan Nijar da ke garin nan ya san shi, domin ya zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Janar Buhari ta yi, har a wurare da dama a gida ana kiran yunwar da sunansa. Iyalai da yawa a unguwanninmu a shekarar suka shigo, ta cikin rairayin nan, da dare, ba ta bakin shingen jami'ai ba.

Bayan tafiyar tamu al'amura sun rikice. A watan Mayun 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu ta Potiskum, gomman mutane suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Shekaru da dama ba mai sha'awar yin arewa don yawon buɗe ido. An sake rufe iyaka a 2019, aka kuma rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Daga cikin mafarautan da muka yi tafiyar tare, biyu sun shiga aikin sa-kai na tsaron gari, ɗaya ya sayar da karnukansa ya koma yaron mota a tirelar shanu mai zuwa Legas.

Wanda duk yake da tsoho a gida da ya taɓa koro shanu da ƙafa, don Allah ya zauna da shi ya rubuta sunayen rijiyoyi da zangon da suke sauka tsakanin Gure da Nguru. Na kakana guda bakwai kawai na iya riƙewa, kuma uku daga ciki an ce rairayi ya binne su.