Kalmar sirri da asusun ma'aikaci: Abin da ke faruwa a cikin uwar garke

A watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana, domin daƙile 'yan bindiga. Tsawon watanni, malamin makaranta ko ɗan kasuwa da ke Karare, idan ya manta kalmar sirrinsa, ba shi da hanyar karɓar lambar nan da ake turowa ta saƙon waya don sabunta ta, sai ya yi tattaki zuwa inda ake samun sabis. Asusunsa na nan lafiya a can cikin uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikata ko na abokan ciniki, amma hanyar tabbatar da cewa shi ne mai shi ta toshe.

Asalin kalmar sirri a kwamfuta ana danganta shi da Fernando Corbató na cibiyar MIT a Amurka, a farkon shekarun 1960, lokacin da mutane da yawa suka fara raba kwamfuta ɗaya. Ba a daɗe ba, a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr ya buga fayil ɗin kalmomin gaba ɗaya a takarda don ya ƙara wa kansa lokacin aiki.

Saboda irin wannan ne babbar manhajar uwar garke ta zamani ba ta ajiye kalmar kamar yadda aka rubuta ta. Tana niƙa ta ne ta hanyar lissafi zuwa wasu haruffa da lambobi da ba a iya mayar da su baya, kamar yadda garin gero ba ya komawa tsaba. Kafin niƙan kuma ana barbaɗa mata wasu haruffa na daban ga kowane mutum, waɗanda masana ke kira gishiri, dabarar da Robert Morris da Ken Thompson suka bayyana a 1979. Idan ma'aikaci ya zo shiga, sai a niƙa abin da ya rubuta a gwada da wanda ke ajiye. A manhajar Linux sunayen masu asusu suna cikin fayil ɗin /etc/passwd, niƙaƙƙun kalmomin kuwa suna /etc/shadow, wanda babban mai kula kaɗai ke iya buɗewa. A Windows Server kuma tsarin Active Directory ne ke wannan aiki tun shekarar 2000. Ma'anar wannan ita ce jami'in kwamfuta na ofishinku bai san kalmarka ba, kuma ba ya buƙatarta. Abin da zai iya shi ne ya sa maka ta wucin gadi, ya tilasta ka canza ta a shigarka ta farko. Duk wanda ya kira ka ya ce daga sashen kwamfuta ko daga banki yake, ya nemi ka faɗa masa kalmar, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Mafi yawan koke-koken da ake kai wa jami'in ba su wuce kullewar asusu ba. Ana saita uwar garke ta rufe shi bayan an yi kuskure wasu 'yan lokuta a jere, kuma sau da yawa mai laifin wata waya ce da ke ta gwada tsohuwar kalmar da aka ajiye mata. Sai kuma kalmar da wa'adinta ya ƙare. A nan ra'ayin masana ya sauya: tun 2017 hukumar NIST ta Amurka ta ba da shawarar a daina tilasta canji kowane wata uku, sai in akwai alamar an sace, domin mutane kan ƙara lamba ɗaya ne kawai a ƙarshen tsohuwar. Doguwar jimla da mutum zai iya tunawa ta fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi wadda a ƙarshe za a rubuta a manna a jikin allon kwamfuta.

Matsalar da ta fi haɗari, a ganina, ita ce wadda ba wanda ke kai kokenta: asusun da mai shi ya yi ritaya, ko aka yi masa sauyin wurin aiki, ko ya rasu, amma aka bar shi a buɗe. A ƙarshen watan Afrilun 2021 masu kutse sun shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi, kamfanin ya biya fansar kusan Dala miliyan 4.4. A sakatariyar ƙaramar hukuma, inda ake yawan sauye-sauyen ma'aikata, ya kamata takardar sauyin aiki ta isa teburin jami'in kwamfuta a ranar da aka sa mata hannu. Haka nan al'adar ba mataimaki ko yaron shago kalmar oga don ya rage masa aiki. Uwar garke tana rubuta sunan asusun da ya yi kowane aiki da lokacin da ya yi, ba ta san hannun da ya danna ba, don haka ranar da aka taɓa albashi ko kuɗin ciniki, mai asusun za a fara tuhuma.

Ta fuskar doka, shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta wajabta wa hukuma ko kamfanin da aka kutsa wa ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya cikin awa 72, matuƙar kutsen na iya cutar da masu bayanan.